Yadda Muka Kashe Fitilu Don Mu Ga Auta

Duk wanda ya haɗu da ni yau ya ga ƙullutu a goshina, don Allah kada ya zargi matata. Tun safe mutane ke kallon goshin nan, su sunkuyar da kai, su ce mini "Allah ya ƙara haƙuri." Baiwar Allah ko yatsa ba ta ɗaga mini ba. Bangon falona ne ya make ni, cikin duhu, ina tsakiyar bin umarnin hukuma. Ku gyara zama ku ji, don abin ya tsaya mini a rai, in ban faɗa ba ba zan iya cin abinci ba.

Kun dai san Mai Girma Shugaban Hukumar Tattalin Haske, Fitilar Talakawa, Gatan Masu Laluben Bango, Allah ya ƙara masa faɗi. Wata rana ya tashi daga barci ya gano abin da ya gagari masana. Ashe ba ƙarancin wuta ke damunmu ba. Mu ne muke gani da yawa. Talaka ya shiga ɗaki, ya danna makunni, ɗaki ya haske tar, ya ga komai har da abin da bai shafe shi ba. Wannan almubazzaranci ne. Saboda haka aka turo ma'aikata gida-gida, suka ɓalle mana tsofaffin makunnai, waɗanda in ka danna sama wuta, in ka danna ƙasa duhu, suka kafa mana wani zagayayye da ake murɗawa kamar murfin kwalba. Ka murɗa kaɗan, haske kaɗan. Ka ƙara, ya ƙaru. Kyauta kuwa, ko sisi ba su karɓa ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

Kafin su tafi, sai suka ɗaure wata 'yar ƙusa daidai tsakiyar makunnin, suka ɗiga mata jan fenti. Babbansu ya ce wanda ya taɓa jan nan hukuma ya taɓa. To kun ji. Makunni ba ya wuce rabi. Haske a gidanmu ya koma iri biyu: ko babu sam, ko kuma wanda za ka ga mutum tsaye amma ba ka san dariya yake ko harara ba.

Gidan namu na haya ne, ɗakuna a jere, waya ɗaya ce ta ratsa mu duka. Tun ranar da aka kafa abin nan talabijin ɗina ya haukace. Layuka suka cika gilashin, wasu a kwance, wasu a karkace, ga wata ƙara zzzz kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Gaskiya da farko ban damu ba. Fuskokin manya ne dai ake nunawa, kuma ban ga abin da layukan suka rage musu ba. Wani ma sun yi masa kyau.

Sai ga wayar Auta.

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Shekaru ke nan da ya samu aiki a bayan Mai Girma. In na ce a baya, a bayan nake nufi: shi ke riƙe jaka, shi ke riƙe lema, shi ke riƙe ƙofar mota. Tun da ya tafi bai taka gida ba, domin Mai Girma ba ya hutawa da yi wa jama'a hidima, jakarsa ma ba ta hutawa. Ranar da zai tafi, Inna, mahaifiyarmu, ta ciro agogon hannun marigayi Babanmu, mai madaurin fata, ta ɗaura masa da kanta. Auta kuwa a lokacin dumurmur yake, hannu kamar taɓarya. Da ƙyar madaurin ya kai hudar farko, har muna yi masa tsiya wai agogon zai shaƙe shi.

Inna yanzu a wajena take zaune. Duk kiran da Auta ya yi, tambayarta ɗaya ce: "Kana cin abinci?" Ya ce lafiya lau. Ya turo hoto a waya, fuska sumul tana sheƙi, ta ture wayar ta ce wannan ba ɗanta ba ne, an goge shi da tsumma. A wajen Inna hoton waya maƙaryaci ne, talabijin ne kaɗai ba ya ƙarya. Ban taɓa samun ƙarfin halin gyara mata wannan fahimta ba.

To, Auta ya ce za a ƙaddamar da shirin makunnin rage haske, kai tsaye a talabijin, da faɗuwar rana ranar Laraba. Na ce wane shiri, wanda ya daɗe a bangonmu har ya yi ƙura? Ya ce ai waccan ƙaddamarwar gwaji ce, ta bayanta kuma ta tunawa da gwajin ce, wannan ita ce ta ainihi. Kuma shi aka zaɓa ya riƙe farantin almakashin da Mai Girma zai yanke ƙyalle da shi. Zai fito a hoto.

Inna ta ajiye carbinta. Ta ce, "Babba, so nake in ga yaron nan da idona. Ya rame ko bai rame ba, shi ke nan abin da nake nema." Ta juya ta dubi talabijin yana ta zzzz, ta sake dubana. Ni kuwa na ji kunya ta rufe ni.

Na fara da maganin da kowane magidanci ya sani, wato mari. Na mari talabijin ta hagu, na mare shi ta dama, na ɗan rarrashe shi ta sama. Ko a jikinsa. Matata ta ce eriya ce. Na aro tsani na hau rufin kwano da tsakar rana, ina juya eriya ina ƙwala wa matata kira.

"Ya yi?"

"Bai yi ba!"

Na juya gabas. "Yanzu fa?"

"Ya fi ɗazu muni!"

Kwano ya ƙona mini tafin ƙafa, na ɗaga ƙafa ɗaya don ta sha iska. Sai na ji matata ta rangaɗa ihu: "Ya yi! Wallahi ya ragu sosai! Kada ka motsa!"

Jama'a, haka na tsaya da ƙafa ɗaya a kan rufi, hannu riƙe da eriya, masu wucewa suna gaishe ni suna sauri. Can ta ce ya koma. Na sauya ƙafa. Bai dawo ba. Na sauko ina ɗingishi, na tabbata cewa sirrin yana ƙafar hagu, sai dai ban riƙe ta daidai ba.

Washegari na sauya wayar eriya. Na zare firji, abin da ke ciki ya lalace, layuka suna nan. Na zare fanka, muka jiƙe da gumi, suna nan. Na kashe fitilarmu, suka ɗan sirance amma ba su tafi ba. Na kai talabijin kowace kusurwa ta falo, har na ɗora shi a kan kujerar Inna, ita ta koma tabarma. Wani ya ce in naɗe wayar da takardar gwangwani mai ƙyalli, na naɗe, talabijin ya zama kamar mai shirin tafiya biki, amma halinsa bai canza ba.

Matata ce ta gano bakin zaren. Muna zaune da yamma fitilarmu a kashe, hoto ya ɗan washe, ta ɗaga yatsa ta ce in yi shiru. Muka ji ƙofar banɗaki ta tsakar gida ta yi ƙiiii. Jim kaɗan aka zuba ruwa, ƙofa ta sake ƙiiii, takalmi ya wuce, layuka suka dawo.

Ta ce, "Maigida, ba ƙafarka ba ce. Cikin Tela ne."

Tela shi ne maƙwabcinmu na jikin bango. Ɗakinsa ba taga, dare da rana fitilarsa a kunne yana ɗinki, kuma mutum ne mai tsari, ba ya fita ko nan da can sai ya kashe ta. Kwana biyun nan kuwa cikinsa ba ya zaune lafiya. Na je na tsaya a ƙofarsa.

"Maƙwabci, ya jikin?"

"Da sauƙi. Na samu magani."

"Kash," na ce, kafin in kama bakina.

Ya ɗago daga keken ɗinki. "Kash kuma? Me ya haɗa ka da cikina?"

"Ba komai. Cewa na yi, ranar Laraba da faɗuwar rana, ko akwai yiwuwar ya ɗan motsa?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in zauna in sha ruwa, rana ta taɓa ni a kan rufi. Sai da na ja shi falona, na sa matata ta je ɗakinsa tana murɗa makunni, ya ga layuka suna zuwa suna tafiya da idonsa, sannan ya yi salati ya zauna.

Daga nan muka bi ɗaki-ɗaki muna gwadawa. Ashe kowane makunni da irin ɓarnarsa. Na Tela layuka karkatattu. Namu ɗige-ɗige kamar yayyafi. Na matar direba shi ke kawo ƙarar. Na ƙarshen layi kuwa, ɗakin tsohon Akawu, wata baƙar ɗamara ce mai kauri da ke tasowa daga ƙasa, ta haura a hankali, ta shafe fuskar mai magana, ta fita ta sama, ta sake dawowa. In an kashe makunni, lafiya. In an murɗa shi zuwa rabi, nan ne ya fi hauka. Tela ya ce da za a wuce rabin a kai shi ƙarshe, ƙila ya natsu. Muka dubi jan fentin, jan fenti ya dube mu.

Na ce bari in bi hanyar da ta dace, in kai kuka ofis. A Hukumar Tattalin Haske na tarar da wani jami'i yana kallon talabijin a bango, layuka sun fi nawa yawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan ne ya kawo ni."

Ya ce, "Wane abu?"

"Layukan."

Ya ƙura wa talabijin ido, ya ce shi bai ga layi ba, hoton zamani ne, idona ne bai saba da ci gaba ba. Da na nace, ya ce aikinsu ya tsaya a jikin bango, abin da ya bar bango ya shiga iska ba nasu ba ne, in tafi Hukumar Kula da Hoto. Can kuma suka ce nasu aikin ya fara ne daga kan eriya zuwa sama. Na ce to tsakanin bango da eriya fa, wa ke da wurin? Suka ce tambaya mai kyau. Akwai kwamiti na musamman domin wannan tsakanin, an zaɓi mambobi, an saya musu motoci, jira kawai ake Mai Girma ya samu sarari ya rantsar da su. Na ce ko za a ba ni izini in kwance ƙusar na yamma ɗaya, saboda tsohuwa? Jami'in ya miƙe tsaye, ya rufe ƙofa, ya ce don darajar furfurata zai yi kamar bai ji ba.

Saura hanya ɗaya: duk gidan a kashe fitila. Tela ya ce ko kayan amarya yake ɗinkawa zai ajiye. Matar direba ta ce Inna ai uwar kowa ce, ita da yaranta za su zo su kalla tare da mu. Sauran ma ba wanda ya musa. Sai Akawu.

Akawu ya yi ritaya tun ina saurayi, amma har gobe da biro uku a aljihun gaba yake zuwa banɗaki. Shi hukuma ta naɗa Wakilin Tattalin Haske na gidanmu, ba albashi, sai wata 'yar hula. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya gyara hular ya ce, "Bisa ƙa'ida, an ce rabi. Ba a ce cikakke ba, ba a ce babu ba. Kashewa gaba ɗaya a lokacin da Mai Girma ke jawabi kan haske, wannan ana iya fassara shi."

"Fassara shi da me, Baba Akawu?"

"Ana iya fassara shi," ya ce, ya rufe ƙofa.

Na dawo ina huci, na ce wallahi sai na tsinke wayar ɗakinsa. Inna ta ce in zauna, ba a gyara da zafin kai. Ta yafa mayafi, ta dogara sandarta, ta taka har ƙarshen layi, ni ina biye kamar ɗan rakiya. Ta yi sallama, suka gaisa, ta tambayi gwiwarsa, ya tambayi bayanta.

Ta ce, "Akawu, gayyatarka na zo yi. Babban mutum zai yi jawabi, bai kamata wakilinsa ya kalla shi kaɗai a lungu ba. Kujerar gaba taka ce."

Akawu ya washe baki. Ya ce wannan gaskiya ne, ai an san mutunci.

Ta juya kamar za ta tafi, ta ce, "Af, na manta. Fitila a ɗakin da ba kowa, a wajenku tattali ne ko ɓarna?"

Ya cire hular ya duba cikinta. Can ya ce, "Bisa ƙa'ida, ɓarna ce."

"To Allah ya kai mu," in ji Inna.

Jiya Laraba, rana na faɗuwa, gidanmu ya yi ɗif. Falona ya cika, yara a ƙasa, manya a kujeru, Tela a bakin ƙofa yana gadin makunninmu kada wani ya jingina da shi. Akawu a gaba da hularsa. Inna ta yi wanka, ta saka zanenta na fita kunya, ta ja tabarma har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Na kunna talabijin.

Jama'a, hoto tar! Ko ɗigo babu. Rabon da in ga hoto haka har na manta. Matar direba ta yi guɗa, yara suka yi tafi, ni kuwa na ji kamar ni na ƙera talabijin.

Mai Girma ya bayyana. Ya cika gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ko allura ba za ta samu wurin tsayawa a bayansa ba. Ya yi jawabi. Ya gode wa kansa. Ya ce kafin zuwansa mutane na fama da ciwon ido saboda yawan gani. Akawu na gyaɗa kai. Inna na leƙa gefen talabijin, wai ko za ta hango bayan mutumin.

Can aka ce a kawo almakashi. Daga gefen dama wani hannu ya shigo, ɗauke da faranti, ya ɗaga shi sama daidai ƙirjin Mai Girma. Hannu kawai, da hannun riga a naɗe.

Inna ta ce, "Ga shi nan."

Mai ɗaukar hoto ya fara ja da baya a hankali. Muka ga gwiwar hannu. Muka ga kafaɗa. Mai Girma ya yanke ƙyalle, labule ya faɗi, sai ga wani ƙaton makunni a bangon zauren, girman tayar mota, an yi masa ado da furanni. Muka ga wuyan riga. Muka ga haɓa. Inna ta miƙa hannu ta dafa gilashin.

Mai Girma ya kama makunnin da hannu biyu, ya murɗa shi zuwa rabi.

Zzzzzz.

Karkatattu, ɗige-ɗige, baƙar ɗamara, duk suka zubo lokaci guda. Tela ya daka tsalle ya leƙa tsakar gida yana ihu, "Wa ya kunna? Wane mara imanin ne?" Ba kowa. Gidanmu baƙi ƙirin. Daga can zauren abin ya taso, na'urorin ɗaukar hoton ne suka sha abin da muka daɗe muna sha. Ta cikin ƙarar muna jin tafi raf-raf-raf.

Hannun Inna na nan a kan gilashi, layuka na bi ta ƙarƙashin yatsunta. Na matsa kusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, saura kaɗan fuskar ta fito."

Ta ce, "Na gani ai."

"Me kika gani?"

"Agogon. Da ya ɗaga farantin, ya zame masa har kusa da gwiwar hannu." Ta sauke hannunta a hankali ta ɗora a cinya. "Ya rame, Babba. Yaron nan ba ya cin abinci."

Wallahi ji na yi kamar an soka mini almakashin nan a ƙirji. Ni na hau rufi, na zaga ofisoshi, na roƙi cikin Tela ya ɓaci, duk don tsohuwar nan ta samu kwanciyar hankali, ga abin da na samo mata.

Sai wata murya mai daɗi ta fito daga cikin layukan: "Masu kallonmu, idan kuna ganin tangarɗa a hoto, matsalar ba daga wajenmu take ba. Ku duba fitilun gidajenku, ku rage haske."

Akawu ya yi gyaran murya, a sanyaye ya ce, "To. An ce a rage."

Na miƙe zumbur. Na san fitilar a kashe take, kowa ya sani. Amma idona ya cika, kuma ba na son in zauna kusa da Inna tana jin yadda nake jan hanci. Na nufi makunni da sauri don in rage abin da babu, na manta cewa na matsar da kujeru saboda baƙi. Ƙafa ta harɗe, goshi ya gaisa da bango. Nan na samu dalilin hawaye wanda ba mai tambaya, har Tela na cewa, "Sannu, ai dole, bugun ya yi ƙara."

Saboda haka, ranka ya daɗe, Fitilar Talakawa, ni ba ƙorafi na kawo ba. Shirinka ya yi nasara, jiya gidanmu ya yi tattalin da ba a taɓa yi ba, ga wakilinka nan shaida. Ban ce a cire ƙusa ba. Ban ce a ba Auta hutu ya zo ya ga uwarsa ba, wane ni, wa zai riƙe jakar? Alfarma ɗaya ce. In kwamitin nan na tsakanin bango da eriya ya samu zama, a sa a cikin ayyukansa a ƙara wa yaron huda ɗaya a madaurin agogon. Kada ya suɓuce ya faɗi a wajen wata ƙaddamarwar. Na Babanmu ne.